Alawar Cakulan a Bikin Luba

Kun girma kuna jin ana cewa wai waɗansu samari masu wa'azi ne suka shigo gidan nan suka farfasa mini ƙore, ni kuma na bi su har zaure da muciya. Kwanan baya na ji 'yar'uwarku Rabi tana ba 'ya'yanta wannan labari, har da kwaikwayon yadda na ɗaga muciyar. Labarin ya yi daɗi, ni kaina na yi dariya, amma ƙarya ce tsagwaronta. Babu wanda ya shigo, babu abin da aka fasa. Tun hannuna yana iya riƙe biro bari in rubuta muku yadda aka yi uwarku ta bar kiɗa ta koma sayar da alawa, kafin ku ƙara mini da cewa na kwana a kurkuku.

Manyanku sun san ni da ƙwarya. A Kaura, in ana bikin da ya amsa sunansa, to Kulu mai kiɗan ƙwarya tana tsakar gidan, an cika mata babbar roba da ruwa, an kife ƙwarya a kai, mata sun kewaye ta. Da aka ba mu jiharmu sai bukukuwa suka ƙaru, mazajen mutane suka samu aiki a Gusau, kowace uwa tana so a ce bikin 'yarta ya fi na maƙwabta. Ana ɗaukata zuwa Banga, ana ɗaukata zuwa Shinkafi, wani satin ban san ɗanɗanon tuwon gidana ba. Ina son abin, ba zan ɓoye muku ba. Ina son in ga tsohuwar da ta shigo tana ɗingishi ta manta da ƙafarta ta miƙe tana juyi.

Sai shekarar Shari'a ta zo. Na yi murna kamar kowa, don ni Musulma ce tun kafin in iya riƙe ludayi. Amma tare da ita aka ce a daina kiɗe-kiɗe da roƙo a wajen biki. Game da irin namu na mata zalla a cikin gida, malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani ya ce babu laifi, wani ya ce a bari ya fi. Masu biki dai ba su tsaya jiran a gama muhawara ba, kowa ya ji tsoron a nuna gidansa da yatsa, aike ya ɗauke ɗif. Na tambayi babanku ra'ayinsa wata rana da ya dawo da motarsa ta haya daga lodin Shinkafi yana wanke ƙafa, ina fatan ya hana ni in samu wanda zan ɗora wa laifi. Ya ƙi ba ni wannan sauƙin.

"Kulu, ni ban sa ki ba, ba ni hana ki," ya ce. "Ke da zuciyarki ku zamna ku shirya."

Na zauna da ita kuwa, muka sha jayayya, daga ƙarshe na ga abin da nake shakka a kansa gara in bar shi. Da hannuna na rarraba ƙoren, wata ta koma ta dama fura, wata ta awon gero. Ba wanda ya tilasta ni. Amma na sha wuya, kuma ku ma kun sha a hannuna. Ran Juma'a da Asabar in na ji motocin 'yan biki sun wuce sai in rasa inda zan sa kaina, in kama faɗa da kaji, in sake share inda aka riga aka share. Abokan kiɗana suka watse. In na je biki a matsayin baƙuwa sai a ba ni tabarma a gefe da kwanon shinkafa, in ci in tashi, kamar ba ni ce nake juya gidan bara ba.

Ana cikin haka Asabe ta zo daga Zurmi. Asabe ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa a tashar jirgi, aure ya kai ta can. Ranar sunan 'yarta Luba ni na yi kiɗa, kuma a gaban mata na ɗaga jaririyar na ce ranar aurenta ni zan tayar da gidan, sai an yi shekaru ana zancen bikin. Yarinyar ta tashi da wannan magana a kunnenta. Ko yaushe ta gan ni sai ta ce, Inna Kulu, kina dai tune ko? Ga shi yanzu an sa rana, ni kuma hannuna babu komai.

"Ba ni ce maki ki koma ma abin da kika bari," in ji Asabe. "Amma ɗiyar ga taki ce. Ta ce in hwaɗa maki tana jiran alkawali."

Na ce ta gaya mata ina nan a kan bakana. Da ta tafi na zauna ina tambayar kaina wane baki ne wannan da ba ya iya yin shiru. Alkaki da nakiya da dubulan akwai gwanayensu a Zurmi, ba ni zan koya musu ba. Atamfa kowa zai kai. Ni abin da na yi alkawari shi ne a yi zancen bikin, kuma ban san hanyar da zan bi ba.

Maƙwabciyarmu Maman Tunde ce ta fitar da ni. Bayarabiya ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa, amma a Kaura ta girma, Hausarta ta fi ta waɗansunku. Na shiga aron turmi na tarar da ita tana ciro waɗansu abubuwa baƙaƙe masu sheƙi daga wata 'yar tanda ta roba, kowanne da tsinkensa. Tandar kamar ta masa take, sai dai ramukanta ƙanana ne, wani siffar zuciya, wani tauraro, wani fure. Ta ce alawar cakulan ce, a can garinsu ana raba wa baƙi a wajen biki kowa ya tafi gida da ita. Ta miƙo mini ɗaya. Na sa a baki, ta narke tun ban tauna ba, na tsaya riƙe da tsinke kamar wadda aka yi wa albishir. A take na ce mata ta koya mini, turmin ma na manta da shi.

Aikin ba shi da yawan kaya amma yana da tsirfa. Garin cakulan ake samu, wanda 'yan'uwanta suke aiko mata daga kudu, da madarar gari, da sukarin da aka daka aka tankaɗe har ya yi laushin kwalli, sai mai. Ba a ɗora shi kai tsaye a wuta. Tukunyar ruwan zafi ake sawa a ƙasa, a ɗora kwano a kai, a yi ta juyawa a hankali. In ɗigon ruwa ya kuskure ya faɗa ciki, shi ke nan, sai ya cure ya zama kamar ƙullin ƙuli. Na ɓata kwano ba ɗaya ba, ku kuka lashe, kuna addu'ar in ƙara ɓatawa. Da man shanu na fara, amma zafin garin nan bai bar shi ya tsaya ba, kana cirewa daga tanda yana bin yatsunka. Sai muka gwada man kaɗe, wanda aka dafa aka tace har warinsa ya tafi. Shi ne ya riƙe. Tsinke kuwa na tsire na sa aka sayo mini sabo, na yanke tsinin na goge da wuƙa. Firji ba abin dogaro ba ne a lokacin, wuta sai ta ga dama, don haka rairayi na jiƙa a ɗakin randuna, in jera tandar a kai in rufe ƙofa in zauna gadi.

Babanku yakan leƙo ya ce shi bai taɓa ganin macen da take fira da alawa ba, don wai yana jina ina lallashinta ta daskare. Ban musa ba. Satin bikin gaba ɗaya a wannan aiki na ƙare, ni da tandar Maman Tunde guda biyu, ana zubawa ana jira ana cirewa, har na cika babbar fanteka. Ban ɗaura musu leda ba, na ce sai an isa can a ɗaure da sanyin la'asar, kada ɗumin hannu ya dusashe musu sheƙi. Zubin ƙarshe ma ban cire daga tandar ba, na tafi da shi a haka.

Ranar ɗaurin aure da sassafe babanku ya kai mu Zurmi, ni da Maman Tunde. Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Fantekar tana kan cinyata, na naɗe ta da jiƙaƙƙen zane, duk ramin da motar ta faɗa sai na yi wa direban tsawa kamar ba mijina ba. Muka isa lafiya. Na buɗe wa Asabe a ƙuryar ɗakinta, ta riƙe baki tana kallon zukata da taurari a jere suna ƙyalli. Ta kira Gwaggo Dije, yayar baban Luba, wadda ita ce mai kula da duk kayan amarya. Na ce wa Gwaggo Dije a ajiye mini wannan a wuri mai kyau, kada yara su gani, sai la'asar. Abin da na ce ke nan. Ni a raina wuri mai kyau shi ne wuri mai sanyi, ban san ita da wata fassarar ta tafi ba.

Kun dai san al'ada. Duk abin da yake na amarya, mai daraja, ɗakin da aka tara kayanta ake kai shi, kuma ɗakin nan ba a raba shi da kaskon turaren wuta, ƙofa a rufe, taga a toshe, don ƙamshi ya kama komai. Gwaggo Dije ta ga wannan kyauta ta fi ƙarfin a bar ta kusa da tukwane. Ta cire jiƙaƙƙen zanen nan da ta ga bai dace da kayan amarya ba, ta lulluɓe fantekar da sabon bargo, ta ajiye ta dab da kasko don ta fi samun turare, ta ƙara garwashi, ta kulle ƙofa ta soke makulli a bakin zane. Girmama ni ta yi iyakar girmamawa.

Ni kuwa ina tsakar gida ina kallon bikin da ya fi kama da zaman jiran likita. Mata sun cika gidan, kowa ta sha ado, an ci an sha, sai kuma aka yi jugum. Ba a saba ba, ba a san abin da za a yi da hannuwa ba. Wata tana fifita, wata tana gyangyaɗi, 'yan Shinkafi dangin ango sun haɗa kai a gefe guda suna kallon 'yan gida, 'yan gida suna kallonsu. Duk wadda muka haɗa ido sai ta kawar da kai, kamar ni ce mamaciya a gidan makoki. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina lallashin kaina cewa la'asar tana zuwa.

Da aka yi sallah na ce a ɗauko. Gwaggo Dije ta fito da fantekar a ka, tana tafe a hankali cikin alfahari, ta sauke a tsakiyar mata ta yaye bargo. Babu zuciya, babu tauraro, babu fure. Wani baƙin tafki ne kawai yake rawa a ciki, tsinkaye suna iyo a sama, ƙamshin turare yana tashi. Wata tsohuwa daga cikin 'yan Shinkafi ta leƙa, ta ɗago ta tambaya da gaskiyarta:

"Wagga miya ta mi ce, da anka sa ma itace?"

Gwaggo Dije ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce wallahi ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kai ba. A nan ne na ji abin ya taso mini. Ina da zuciya, kun sani, kuma aikin sati guda ne yake kallona daga cikin fanteka. Na buɗe baki zan yi abin da za a daɗe ana zancensa ta wata fuskar, sai na hango labulen ɗakin da amarya take ya motsa. Luba ce take leƙe ta ƙarƙashin mayafi. Ban san yadda aka yi ba, dariya ce ta fito maimakon faɗan. Na yi ta yi har na dafa ƙasa, Maman Tunde ta kama, Asabe ta kama, Gwaggo Dije tana hawaye tana dariya.

Maman Tunde ta raɗa mini cewa ai bai lalace ba, narkewa kawai ya yi, ruwa bai taɓa shi ba, ga tanda biyu mun zo da su. Na ɗaure ɗankwali na miƙe. Na ce a ba ni tsakar gida. Na ce duk matar da take da cokali a gidanta ta aika a ɗauko, don tanda biyu ba za su ishe mu ba, cokali ma rami ne. Na tambaya ina ƙanƙara, aka ce akwai wadda aka sayo aka zuba a duro don lemon maza. Na ce a kwaso, maza su sha da ɗumi, ba a taɓa jin wanda ya mutu don wannan ba. Aka shimfiɗa ƙanƙara a manyan farantai, aka rufa leda a kai don kada ruwa ya taɓa mana aiki.

Nan fa gida ya tashi. Na raba mata aiki: waɗansu suna tsamo tsinke suna gogewa, waɗansu suna zubawa a cokula, waɗansu suna jerawa a kan ƙanƙara, masu ƙarfin hannu suna fifita. Da gangan na cakuɗa 'yan Shinkafi da 'yan Zurmi, na ce bari mu ga garin da matansa suka fi iya riƙe cokali. Wadda ta zubar sai in tambaye ta ko haka take zuba wa maigida miya. Wadda ta lashe yatsa sai in sa a kama mini ɓarauniya, a gurfanar da ita gaban Gwaggo Dije, wadda na naɗa alƙaliya tunda ita ta fara aika-aikar. Tsohuwar nan mai tambayar miya ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ce wannan abu ɗanɗanon ɗakin amarya gare shi. Turaren ya kama shi kuwa, kuma ba ku ji yadda ya dace ba. Hajiyoyi masu zoben zinariya suna rigima a kan wa za a ba tandar zuciya. Uwar ango da kanta na gani ta tuɓe mayafi ta ɗaura a ƙugu, haɓarta duk cakulan. Maza suka aiko a tambaya ko lafiya, don ihun dariya har bakin titi.

Alawar da ta fito ba ta kai ta farko kyau ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ta cokali kamar ƙwai aka raba biyu, waɗansu tsinken a karkace, waɗansu da zanen yatsa. Amma kowace mace ta san wadda ta zuba da hannunta, kuma ita take nema a ɗaure mata a leda ta kai gida. Har aka fara jayayya a kan wata mai kyau, mata biyu kowacce tana rantsuwa tata ce.

Gab da magariba aka fito da amarya za a kai ta. A da, wannan ne lokacin da nake rage hannu a kan ƙwarya in yi waƙar rabuwa, uwa ta shige ɗaki tana kuka. Ranar babu wannan, kuma na ji rashinsa har cikin ƙashina. Na tsaya a gefe hannuna duk danƙo. Da aka zo wucewa da ita ta gabana sai ta tsaya, ta fito da hannu daga mayafi ta kama zanena. Tana kuka irin na amare, amma muryarta da dariya a ciki.

"Inna Kulu, duk ina kallo ta labule," ta ce. "Na so a ce amarya tana hita. Kin biya ni."

Na dafa kanta na yi mata addu'a, aka wuce da ita.

Daga wannan biki ne aike ya dawo gidan nan. Kafin wata ya zagayo an zo daga Birnin Tsaba, an zo daga cikin Kaura, kuma abin mamaki ba alawar kawai suke so ba. Cewa suke in zo da kayan a yi a can, tare da mata, kamar yadda aka yi a gidan Asabe. Sana'ar da kuka tashi kuka gan ni da ita ke nan, wadda waɗansunku suke jin kunyar a ce uwarsu mai alawa ce. Har yau ina kewar ƙwarya, in na ce ba na yi na yi ƙarya. Wani lokaci ina juya cakulan sai in ji yatsuna suna buga gefen kwano da kansu, in tsawata musu.

Amma ku ji yadda ranar ta ƙare. Mun kamo hanyar Kaura, Maman Tunde tana baya rungume da fanteka wayam, babanku ya tambaye ni yaya biki. Na buɗe baki in ba shi labari, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar ta ƙofar langa-langa. Muryata ta dishe gaba ɗaya. Rabon da in dawo daga biki a haka tun ina kiɗa, don a lokacin ba na dawowa da murya sai an kwana biyu ana ba ni ruwan citta. Ya rage gudu ya dube ni.

"Kulu, waƙa kika yi?"

Na girgiza kai, na nuna masa da yatsa cewa ko baiti ɗaya. Ya daɗe yana kallon hanya yana murmushi. Da muka shigo gari bai nufi gida ba, sai ya tsaya a bakin kasuwa ya fita da kansa. Ya dawo da ƙullin citta da kanumfari, ya ajiye mini a cinya, ya ce in riƙa ajiyewa da yawa, don ya ga alama zan riƙa bukata.